Ranar da Abba Ya Amsa Sunansa

Yaya Sadiƙa ta kira ni da sassafe, wai in bar komai a Djamboutou in hau babur in zo. Na iso gidansu a unguwar Roumdé Adjia a guje, ashe rigimar suna ce! Ɗanta na fari zai shiga matarnel, makarantar ƙananan yara, ranar Litinin. An ɗinka riga, an sayo jaka da gorar ruwa, sai yanzu aka tuna yaron bai san sunansa na yanka ba. Sunan kakansa marigayi ya ci, Zulkifilu, kowa Abba yake ce masa. Uwar ba ta faɗa, ga ɗan fari ga sunan suruki. Uban ba ya faɗa. Hajjo kakarsa kuwa sunan mijinta ne, tunda aka kawo ta gidan bai taɓa fita daga bakinta ba. Tsoron Yaya shi ne Madam ta kira suna a aji yaro ya yi zuru, a ce ɗanta dolo ne.

Ni da kunyar nan ba ta hau kaina ba, aka naɗa ni Madam. Na ari tabarau na Hajjo, na riƙe muciya, na zaunar da ɗalibina da jakarsa a baya. Na koya masa ɗaga hannu ya ce firezan, wato "ga ni" da Faransanci, ya iya tsaf. Sannan na shaƙe murya na rangaɗa sunan. Yaya ta toshe kunne ta afka kicin.

Yaron ya dube ni cike da tausayi ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Wayyo cikina! Na zube a tabarma ina dariya har tabarau ya faɗi. Ashe haka yake jin baƙi suna cewa duk sanda aka ambaci Alhaji kakansa. Na sake kira, ya sake addu'a. Na yi masa alkawarin makala mai zafi, fanken da yake so, ja'irin ya ƙara da "Allah ya sa ya huta." Daga kicin kana jin Yaya tana sheƙa dariya tana salati.

Dariyarmu ta ɓata masa rai. Ya tuɓe jaka ya ce ba zai je ba, ƙarya nake yi, in da sunansa ne ai da Hajjo ta taɓa kiransa da shi. Gaskiya kuwa ya faɗa.

Hajjo tana bakin ɗakinta tana tsintar shinkafa. Ta ajiye faifan, ta daɗe tana kallonsa, sannan a hankali ta ce, "Zulkifilu."

Ya waiga. Ya ɗaga ɗan hannunsa sama. "Firezan."

Hajjo ta ja bakin mayafi ta goge ido. "Ashe haka yake a baki," in ji ta.