Giɓin Takobin Abdulganiyyu

Duk unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, babu wanda Lurwanu ya raina kamar Kabo, maƙwabcin rumfarsa. Wai shi ma mai aikin ƙarfe ne! Mutumin da ya sayo makinar wasa wuƙa daga Jidda, ya wuni yana feshe layi da tartsatsi, mahauta suna zuga shi. Ko cokali ka ba Kabo sai ya mai da shi madubi, iyakar iliminsa ke nan.

Shi kuwa Lurwanu jikan maƙeran Kano ne, kuma tsofaffin takubba yake tarawa, musamman na alhazan Filibin. Maƙeran can ninka ƙarfe suke yi a kan ƙarfe, shi ya sa in an wanke ruwan takobin da lemun tsami sai zane ya taso kamar igiyar ruwa. Aiki ne na toka da tsumma da haƙuri. Kabo in ya gani sai ya ƙyalƙyace: "Ya ammi, baffana, miya za ka dafa da shi?" Lurwanu ko tsaki ba ya ɓatawa a kansa.

Bayan hajjin 1965 wani tsoho, Alhaji Abdulganiyyu mutumin Sulu ta Filibin, ya kawo takobi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Iskar teku ta sa masa tsatsa a jirgi. Da guntun Larabcinsa ya ce ba na sayarwa ba ne, wankewa yake so. Sannan ya kama yatsan Lurwanu ya ɗora a kan wani ɗan giɓi a kaifin.

"Wannan na babana ne. Ranar da ya mutu a yaƙi aka yi shi. Kada ka taɓa."

"Amana ce, ya hajj," in ji Lurwanu, ya dafa ƙirji. Shekara talatin ba a taɓa cewa ya ci amanar baƙon Allah ba, kuma da wannan sunan yake shiga ko'ina.

Kwana biyu yana bin tsatsar a hankali. A rana ta uku lemo ya ƙare. Ya bar takobin a kan tabarma, ya ce wa Kabo ba tare da ya dube shi ba, "Kai, sa ido a rumfa." Yadda ake cewa jaki ya matsa, haka ya faɗa.

Tun daga bakin layi, da dawowarsa, ya ji kukan makina. Ya ruga da gudu. Ga Kabo tsaye yana washe baki, yana juya takobin a rana, fari fat sai walƙiya.

"Halas, an gama! Aikin kwana uku a minti goma. Har wata karaya na gani a bakin, na share maka ita."

Lurwanu ya karɓa. "Kai dai an yi dabba. Dabba mai lantarki!"

"Daga taimako?" in ji Kabo, da gaske mamaki yake yi. Wawan bai ma san me ya yi ba.

Lurwanu ya yanka lemo ya goga, ya sake gogawa. Zanen ya taso, don a cikin jikin ƙarfen yake, makina ba ta kai can ba. Takobin bai taɓa yin kyau haka ba. Giɓi kuwa babu lemon da zai dawo da shi.

Da la'asar tsohon ya zo. Bai ko kalli zanen ba. Ya rufe ido ya bi kaifin da babban yatsa, daga ƙota har tsini. Ya dawo. Ya sake bi. Sai da yatsan ya yi jini ya tsaya.

Lurwanu ya ɗaga hannu zai nuna Kabo, sai ya sauke. Ba Kabo ne ya dafa ƙirji ba. Shi da kansa ne ya raina Kabo har ya manta cewa Kabon ma yana da hannu, kunya ta rufe shi.

Tsohon ya ajiye takobin a kan tabarma a hankali, ya goge yatsa a zanen da ya ɗaura.

"Mai kyau ne," ya ce. "Ka haɗa da naka. Ina nawa takobin?"