Tankin Bayan Raga

Shekara goma sha huɗu Makulli ya yi yana tsaron ragar ƙungiyarsu a tsohon fili, kuma duk tsawon shekarun nan mutum ɗaya ne ya san sirrinsa, wato Baba Mai Ciyawa, mai aske filin da ba shi ruwa. 'Yan jarida sun ce baiwa ce. 'Yan kallo sun ce ido gare shi a ƙeya. Gaskiyar magana ba ta kai nan ba. A bayan ragar gabas akwai wani ƙaton tankin ruwa shuɗi a kan ƙafafun ƙarfe, a bayan ta yamma kuma akwai falwaya. Golan kirki yakan san inda turakunsa suke ba tare da ya waiwaya ba, shi kuwa Makulli ba ya sani sai ya ɗaga ido ya hango can ɗaya ƙarshen filin. In tankin ya zauna daidai tsakiyar waccan ragar, to shi ma yana tsakiyar tasa. In an sauya gida bayan hutu, sai falwaya ta karɓi aiki. Shi ya sa a gida ba a cin sa sai an yi gumi, in kuwa aka fita wasan waje sai ka rantse wani ne ya ari rigarsa.

Ana nan sai ƙungiya ta gina sabon fili. Fili ne na kece raini, kujeru dubu ashirin da biyar, duk farare, an kewaye shi ruf, ko reshen bishiya ba a hangowa daga ciki. Aka kwashi 'yan wasa aka kai su sansanin mako uku a ɗakunan da ke ƙarƙashin kujerun, inda har yanzu fenti bai bar wari ba. Ran farko Koci ya tara su ya yi magana ba kwana-kwana. Gola ɗaya za a ba kwantiragi bana, ko Makulli, ko sabon da aka sayo, wanda ake kira Tsani saboda tsawonsa. Wasan buɗe fili shi zai raba gardama.

Makulli yana da shekara talatin da shida, da 'ya'ya huɗu, da gwiwar da ke sanar da shi zuwan hadari tun kafin a ji a rediyo. Bai iya wata sana'a ba. Da ya shiga raga a atisayen farko ya ɗaga ido, sai ya ga fari fat daga sama har ƙasa. Ƙwallo bakwai aka zura masa kafin rana ta take. Ta bakwai ɗin ma bai yi tsalle ba, don a lissafinsa waje za ta, har ya ɗaga mata hannu yana sallamarta. Da ya waiwaya ya tarar shi ne a waje, taku biyu daga turke.

Da yamma ya sami Baba Mai Ciyawa yana naɗe tiyo.

"Baba, na shiga uku."

"Na gani," in ji tsohon. "Sabo turken wawa. Tun yaushe nake ce maka tanki ba ya bin mutum kabari?"

Suka gwada dabara. Suka kifa bokiti shuɗi a kan kujerar tsakiya, layi na goma sha biyu. Kafin a hura usur Manajan fili ya zo ya ɗauke shi da ɗan yatsa biyu. Mutum ne da ke yawo da hankici yana goge kujerun da ba wanda ya taɓa zama a kansu. Suka ɗaura tawul, ya kwance. Suka manna takarda, ya ɓare, ya kuma yi shela cewa ko tsinke ba za a ajiye a kujerunsa ba, kujera ta ɗan Adam ce mai riƙe da takardar shiga.

"To ai ya faɗa maka magani," in ji Baba Mai Ciyawa. "Nemo ɗan Adam. Amma a samu mai ɗan faɗi."

Mutum ɗaya ce ta faɗo wa Makulli a rai. Yayarsa ce, tela a kasuwa, wadda ta goya shi tun rasuwar mahaifiyarsu yana rarrafe. Allah ya hore mata jiki, ya hore mata murya, bai dai hore mata zama wuri ɗaya ba. Ko keken ɗinki take takawa, rabin jikinta yana ƙofar shago tana raba faɗa ko tana haɗa shi.

Ya nemi izinin awa biyu ya same ta a shago. Ya gaishe ta har ƙasa, abin da ya sa nan take ta zarge shi.

"Auta, me ka fasa?"

"Ba abin da na fasa, Yaya. Na lura ne duk ran da kika kalle ni ina wasa, hannuna yana yin albarka."

"Ni da ban taɓa zuwa kallonka ba?"

"To ai shi ne nake cewa, da kin zo fa?"

Ta dube shi ta saman tabarau, sai ya ga fuskarta ta saki. Ashe shekara goma sha huɗu tana jiran ya gayyace ta, shi bai sani ba. Kunya ta kama shi sosai, amma bai fasa ba. Ya ba ta takardar shiga ta iyali, ya saya mata lema shuɗiya, ya ce saboda rana.

Washegari ta zo. Ya kai ta kujerar da suka auna shi da Baba Mai Ciyawa, ya roƙe ta kada ta motsa, wai albarkar daga nan take sauka. Bayan hutu kuma ta zagaya ɗaya gefen, ta rufe lemar ta riƙe ta a tsaye. Ta ce wannan albarka akwai ta da tsirfa, amma ta yi. Ran nan ko ɗaya ba a ci shi ba. Koci ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

Matsalar ita ce tanki ba ya da ƙawaye. Rana ta uku Yaya ta hango matar mai wankin rigunan ƙungiya, wadda ta taɓa yi wa ɗinki, ta matsa kujera tara don su gaisa. Makulli ya bi ta a hankali, taku bayan taku, har ya tsaya a jikin turken hagu ya baje hannuwa yana gadinsa da iyakar gaskiyarsa. Ɗan gaba ya gangaro da ƙwallo cikin raga ba kowa, har ya tsaya ya ɗaure igiyar takalmi tukuna. Rana ta biyar ta tashi ta bi inuwa, shi ma ya bi ta. Koci ya fara rubuce-rubuce a ɗan littafinsa, Tsani kuwa sai miƙa yake yana taɓa sandar sama da gwiwar hannu.

Duk da haka abin ya fi da. Da ba don bakin Baba Mai Ciyawa ba, da an kai ranar lafiya. Ana jibi wasa, Yaya ta sauko tana fifita da gefen mayafi, tsohon ya tare ta da fara'a, shi a zatonsa an daɗe da gaya mata.

"Sannu da aiki, Yaya. Wallahi kin fi na ainihin. Shi wancan har yoyo yake yi."

"Wane ne ke yoyo?"

"Tankin mana."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kafin Makulli ya iso daga raga, tsohon ya kwance mata zance tun daga ƙafafun ƙarfe har zuwa bokiti. Bai tsallake batun mai ɗan faɗi ba. Yaya ba ta ɗaga murya ba, kuma duk wanda ya san ta ya san wannan ne mafi muni.

"Auta, ashe tanki ne ni."

"Yaya, ki tsaya ki ji."

"Bayan hutu kuma falwaya."

"Ba haka nake nufi ba."

"Falwayar na yafe, ko banza siririya ce. Na rufe shagona kwana tara, na ce ƙanena ya tuna da ni. Ashe bokiti aka hana ka."

Ta naɗe lemar ta ɗora masa a kan safar hannu, ta juya. Ya bi ta har bakin ƙofa yana ba da haƙuri, mai gadi ya tuna masa cewa ɗan sansani ba ya fita sai da takarda. Ya kira ta a waya sau goma sha ɗaya. A na sha biyu ta ɗauka ta ce tanki ba ya magana, ta kashe. Ba kwantiragin ne ya fi damun sa a ranar ba. Fuskar nan da ta saki a shago ce ta tsaya masa a rai.

Ranar buɗe fili ta zo. Aka yanka kirtani, aka yi jawabai har 'yan wasa suka huce suka sake ɗumama jiki. Fili ya cika maƙil, Manaja yana ta zagaye da hankicinsa kamar wanda aka shiga ɗakinsa da takalmi. Koci ya ce Makulli ne zai fara, in ya yi shirme a cire shi, shi ke nan.

Ya shiga raga ya ɗaga ido. Kujerar layi na goma sha biyu tana nan fara, ba kowa, amma a cikin wannan taro gano ta sai an ƙura ido, ƙwallo kuwa ba ta jiran mai ƙura ido. Minti na ashirin aka ci shi ta gefen da ya rantse turke ne a wurin. Sauran ya tare su da ƙirji da gwiwa da addu'a. Aka tafi hutu ana cin su ɗaya. Koci ya dubi Tsani, ya dubi Makulli, ya ce, "Minti goma na ba ka."

Ya koma ɗaya ragar. Ya ɗaga ido don sabo kawai, ba don yana sa rai ba.

Tana nan. Daidai tsakiyar waccan ragar, layi na goma sha biyu. Ba lema a hannunta. Riga ce ta ɗinka, shuɗiya shar irin shuɗin tankin, mai faɗin hannu, da ɗankwali shuɗi da ta naɗa ya yi tudu kamar murfi. Kujera biyu ta saya ta baje rigar a kai. Makaho ma ya gan ta daga bakin titi.

Makulli ya matsa taku ɗaya dama, rabin taku hagu, ya ji turakunsa sun dawo bayansa.

Abin da ya biyo baya an daɗe ana labarinsa. Ya ture ta sama, ya cafke ta ƙasa, ya fita ya ɗauke kwana daga kan ɗan gaba. Minti goman Koci suka wuce ba wanda ya tuna da su. Amma ba wannan ne abin mamaki ba. Da ƙungiyarsu ta farke, mutum dubu ashirin da biyar suka miƙe suna tsalle, Yaya ba ta motsa ba. Da suka ƙara ta biyu, matar mai wanki ta hango ta tana ɗaga mata hannu tana kira, ko kai ba ta juya ba. Faɗa ya kaure a layi na goma sha uku, a bayan kunnenta, har ana zuba mata ruwa a kafaɗa, amma matar da ba a taɓa yin faɗa a unguwarsu babu ita ba, sai ga ta zaune ƙyam. Minti arba'in da biyar, har da huɗu na ƙari. Makulli yana gani, idonsa yana cika, yana gogewa da bayan safa yana cewa gumi ne.

Da aka tashi, Koci ya dafa kafaɗarsa a bakin layi ya ce shekara ɗaya, ya zo ofis ran Litinin ya sa hannu. Makulli ya yi godiya a gurguje, ya tsallake allon talla ya hau matakala. Mutane sun watse, ita tana zaune inda take.

"Yaya, an tashi."

"Na sani. Ƙafafuna ne suka mutu. Kama ni."

Ya kama ta ta miƙe da ƙyar, suka fara saukowa mataki ɗaya-ɗaya, nauyinta a kafaɗarsa, gwiwarsa tana ƙara.

"Ki yafe mini, Yaya."

"Kai dai ba ka da wayo, Auta. Tun kana rarrafe, in ka yi nisa sai ka waiwayo ka ga inda nake, sannan ka ci gaba. Aikin ba sabo ba ne a wurina. Da ka faɗa mini gaskiya, da tun ran farko ban motsa ba."

Suka ƙara saukowa layi uku.

"Wasa nawa za ku yi a gida bana?" ta tambaya.

"Goma sha tara."

Ta tsaya ta dafa ƙugu, ta waiwaya ta dubi kujerun nan biyu.

"To ka nemo mini matashi mai laushi," in ji ta. "Kuma ka gaya wa tsohon nan, in ya sake cewa na fi na ainihin, shi zai zauna."