Bashin Katung

Ranar da alƙali ya share wa Maitama bashinsa, kowa a gidan ya yi murna ban da shi. Shagonsa na kayan miya da ke Silver Spring, kusa da Washington, ya durƙushe tun bayan korona, bankuna suka sa shi gaba, ba dare ba rana. 'Yarsa Umaima ce ta kai shi wurin lauya, aka shigar da shi kotu a matsayin wanda ya samu karayar arziki. Lauyan ya ce doka ba ta yarda a ɓoye ko mutum ɗaya cikin masu bin bashi ba, don haka Maitama ya runtse ido ya ba da sunan Katung.

Katung kuwa ba banki ba ne. Mutumin Kudancin Kaduna ne, nas a asibiti, kuma tare suka yi zaman ɗaki ɗaya a Washington suna samari, Maitama na tuƙin tasi, shi yana karatu. Tukunyarsu ɗaya, bargon kirki ma ɗaya, suna karɓa-karɓa. Da azumi Katung ke tashi ya ɗumama masa tuwo, ran Lahadi shi kuma ya sauke shi a coci. Kai, wancan zamani talauci ma daɗi gare shi! Da Maitama ya tashi buɗe shago, Katung ya miƙa masa ajiyarsa, ba takarda ba shaida, ya ce, "Sai ka samu."

Tun da kotu ta sanar da Katung, Maitama ya daina ɗaga wayarsa. Kunya ce ta hana shi, ga kewar abokinsa tana cin sa.

Ana nan sai wani dattijo ɗan gida ya rasu a Lanham, nan kusa da su. An jera sahu, kafin a tayar da sallar gawa, sai ɗan mamacin ya juyo ya yi tambayar da ake yi a gida: "Akwai wanda yake bin Baba bashi?"

Nan take Maitama ya tuna jana'izar mahaifinsa a Funtuwa, yadda wani mai shayi ya ɗaga hannu a kunyace, yayansu ya ce, "Ya dawo kaina," sannan aka sallaci tsohon. To shi fa? Ranar tasa Umaima za ta ce kotu ta share, da Turanci ma za ta faɗa. Katung kuma a ranar zai kasance can gefe a tsaye, ya san halinsa, ko za a yanka shi ba zai ɗaga hannu ba.

Daga maƙabarta bai koma gida ba, gidan Katung ya nufa. Ya tarar da shi a ƙofar gida yana share busassun ganyaye, furfura ta cinye masa kai.

"A'a, Alhaji, ashe kana raye?" in ji Katung.

"Ina raye, mutumina. Kunyarka nake ji."

Katung ya jingine tsintsiyar. "Ka san abin da ya fi mini ciwo? Ba kuɗin ba ne. Sunana na gani a takardar kotu tsakanin kamfanin wuta da na katin bashi. Sannan wani alƙali da bai taɓa cin tuwonmu ba ya yafe maka abin da ni ne mai shi. Wa ya aike shi?"

Maitama ya tsuguna a kan ganyayen, gwiwoyinsa na ƙara, hawaye ya cika masa ido. "To ga ni na zo wurin mai shi. Don Allah ka yafe mini."

Katung ya kama hannunsa ya ɗaga shi.

"Ban yafe ba. Ka riƙa kawo mini abin da ya samu, ko dala biyar ce, amma da ƙafarka, ban da turowa ta waya. In na yafe maka yau, me zai sake kawo ka gidan nan?"