Birai Tara a Hayin Titi

Shekara ashirin da biyu ya yi yana gadin dajin, har mutane suka manta sunansa, kowa sai Baban Birai. Matarsa ce ta laƙaba masa. In ya dawo gida da ƙaya a wando, takan tambaye shi yadda ya baro dangi, shi kuma ya ce suna gaishe ta, sun ce yaushe za ta leƙo.

A da garke uku ne na birai a dajin, suna kwana a kan tudu, da hantsi su gangara rafi. Sai aka zo da katafila aka tsaga dajin, aka shimfiɗa titi mai hannu biyu. Gidaje suka cinye gabas, katangar wata masana'anta ta tare kudu. Ɓangaren da ɗakin gadinsa yake ya koma ɗan tsibiri, wanda mutum zai zagaye kafin shayinsa ya huce. Birai tara ne suka maƙale a nan tare da shi. Sauran, da rafin, suna can hayin titi.

Ya yanka tsohuwar ganga yana cika musu ruwa, suka riƙa sha. Amma ɗabi'ar biri ce in namiji ya tasa ya bar garken uwarsa ya nemi mata a wani garken, kuma ba wanda ya gaya wa samarin cewa hanya ta mutu. Na farko da ya gwada, tirela ta bi ta kansa. Na biyu ya kai tsakiya, ya ruɗe, ya juyo, mota ta kaɗe shi. Baban Birai ne ya kankare su daga kwalta da shebur, motoci na ta yi masa hon.

Daga nan ba wanda ya sake gwadawa, shi kuwa ya ɗauka an huta. Sai haihuwa ta fara zuwa a lalace: wani ɗan ba ya iya riƙe gashin uwarsa, wani bai kai wata guda a duniya ba. Wata malamar jami'a da ke zuwa da ɗalibai ta zauna a bencinsa ta yi masa bayani, cewa jini ɗaya ne ke ta juyawa a tsakaninsu, uba da 'ya, wa da ƙanwa. Ta nuna masa 'ya'yan itatuwa da ke ruɓewa a gindin iyayensu, don babu mai kai irin nesa. Ya tambaye ta magani.

"Hanya, Baba," in ji ta. "Su je can, na can su zo nan. In babu wannan, sai dai a jira."

Ya sayo igiya mai kauri, ya roƙi wani mai gyaran wuta ya ɗaure ta daga bishiya zuwa bishiya a saman titin. Kwana shida yana zaune yana kallonta, ko biri ɗaya bai taka ba. A na bakwai shugabansa ya zo daga ofis, ya ce manyan motoci za su iya fizgo ta a yi asarar rai, a kwance. Ba ƙarya ya faɗa ba, shi ya sa Baban Birai bai yi musu ba. Da hannunsa ya naɗe ta.

Da damina wata tsohuwar mace a cikin biran ta haihu, ɗan ya mutu a kwana na uku. Ta ƙi yar da shi. Mako guda tana yawo da gawar a ƙirji, tana kore mata ƙuda, har ta bushe kamar tsumma. Ranar da ya ba matarsa labarin, ta ajiye masa abinci, shi kuwa bai ci ba.

Birai huɗu suka rage lokacin da takarda ta zo, cewa wurin ya yi ƙanƙanta da a ajiye masa mai gadi. Aka mayar da shi ƙofar ofis, yana ɗaga wa motoci ƙarfe. Mai gyaran wutar nan ya biyo wata rana, Baban Birai ya tare shi ya tambayi biran. Mutumin ya yi ɗan tunani, ya ce shi dai da ya wuce bai ga komai yana motsi ba.