Filashin Biyu daga Sarandosa

Shekarar da aka kafa ƙarfen sabis a bakin hanyar Maiyama, Maccido mahauci ya sayi salula biyu a kasuwar Jega. Ɗaya ya sa aljihu, ɗayar ya kai Sarandosa ya damƙa wa ƙanensa Alu, wanda ke jinyar tsohuwarsu. Katin kira a lokacin ba na kowa ba ne, sai suka yi ƙa'ida. Kullum da hantsi Alu zai yi filashin, wato ya kira ya katse kafin a ɗauka. In sau ɗaya ne, Inna ta kwana lafiya. In sau biyu ne, jiki ya yi tsanani, a bar kome a taho.

Wata ranar kasuwa Maccido na tsakar fiɗar wani bijimi, wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru. Ya yi hamdala ya ci gaba da aikinsa. Da la'asar sai ga wani direban Maiyama ya tsaya gaban teburinsa yana masa ta'aziyya. Inna ta cika da azahar, har an kai ta makwancinta.

Da jinin bijimin a riga ya isa Sarandosa. Bai gaisa da kowa ba. Ya tsaya kan Alu a zauren makoki ya tambaye shi sau nawa ya kira. Alu ya ce sau biyu, kamar yadda aka yi alkawari, kuma da rai ya yi halinsa ya yi ta kira ba ta shiga. Maccido ya fizge wayar Alu ya ɗaga wa jama'a. Sandunan sabis huɗu ne a jere, cif, ko ɗaya bai rage ba. Ya ce ga shaida nan. Ya ce ya daɗe da sanin Alu na jin haushin an bar masa jinya, shi ya sa ya hana shi ganawa da uwarsa, ya hana shi ko ɗaukar makararta.

"In ƙarya kaka yi, ba ni ba kai har kushewa," in ji shi.

Alu ya tashi ya shige gida.

Kwana uku Maccido na karɓar gaisuwa a gindin bishiyar bedi, ya ƙi zama tabarma ɗaya da ƙanensa. Ranar addu'a Maigari ya ce ba za a watse a kan zato ba, a kawo wayoyin biyu. Aka ajiye su kan tabarma. Alu ya kira sau goma, uku suka shiga. Maccido ya ce da gangan yake latsa ta ba daidai ba. Ya karɓa da kansa, ya latsa da wannan babban yatsan nasa kamar zai huda ta. Cikin goma, huɗu. Sandunan nan kuwa suna tsaye, ba su ko motsa ba.

Nan fushin ya rasa inda zai sauka. Maccido ya hau babur bai yi wa kowa sallama ba, sai gindin ƙarfen sabis. Ya tarar da ma'aikacin kamfanin, wani Sabi'u mutumin Aliero, yana canza wa janareto baƙin mai. Maccido ya zayyana masa abin da ya faru, ya tura masa wayar har hanci, ya ce ya gaya masa wane ne maƙaryaci, ƙanensa ko wannan abar.

Sabi'u ya goge hannu ya ce ba ko ɗaya. Ya ce ƙarfen nan muryarsa babba ce, tana kai Sarandosa har ta wuce, kuma ita sandunan ke nunawa. Amma kafin kira ya fita, sai waya ta fara yi wa ƙarfe sallama ya ji ya amsa. Ita kuwa 'yar batir gare ta. Daga wannan nisa, sallamarta wata ta iso, wata ta faɗi a hanya.

"To don mi ba ku rubuta haka a jikinta ba? Kun sai muna abu shina nuna cike, alhali kurma na."

Sabi'u ya ce sun kai kuka sama, a ƙara wa ƙarfen na'urar da za ta kaifafa masa ji, har yau shiru. Maccido ya zagi kamfanin, ya zagi na'urar, ya zagi wanda ya zana sandunan. Sabi'u ya bar shi ya gama, sannan ya tambaya a hankali, da filashin ɗaya ya shigo, ya mayar da shi don Alu ya san guda nawa ya iso?

Bai mayar ba. Wata huɗu ana yi, bai taɓa mayarwa ba. Shi ya kafa ƙa'idar da bakinsa, kuma bai bar mata hanyar amsa ba.

Ya koma Jega ya sayi eriyar ƙara ƙarfin sabis da Sabi'u ya kwatanta masa, da doguwar wayar haɗa ta, da gora mafi tsawo a kasuwa. Ya ɗaure gorar a babur ya jawo har Sarandosa. Ya haƙa rami a bayan ɗakin Inna, shi kaɗai, yana tsaki. Gorar ta ƙi tsayuwa, ya kama nan ta karkace can. Alu na tsaye bakin ƙofa yana kallo.

"Kai, tsayuwa za ka yi kana kallona? Zo riƙe."

Daga inda yake tsaye Alu ya ce, "Yaya, yanzu wa za a yi wa filashin?"

Maccido bai ɗago ba. Ya ce ai shi Alu yana da rai, kuma daga yau ya yi ta kira har sai an mayar masa, ko sau ashirin ne. Ya ce sau biyu Alu ya kira ranar nan, ya yarda, kuma zai faɗa a gaban Maigari da duk wanda ya ji zargin farko.

Alu ya tako ya kama gorar. Maccido ya shiga tura ƙasa cikin ramin yana dannawa da dunduniya, yana ci gaba da zagin kamfani.