Riga Mai Hannu Ɗaya

Ranar da babur ya kaɗe Tela, ƙoƙon gwiwarsa ta dama ya tarwatse. Likita ya nuna musu hoton ƙashin, shi da matarsa, ya ce hanya biyu ce: ko a cire ƙoƙon, ƙafar ta rage ƙarfi, ko a tattara gutsattsarin a ɗaure da waya.

"A ɗinke," in ji Tela. "Mu ba ma zubar da ƙyalle."

Aka yi aiki. Likita ya ja kunne: a zauna, kada a wahalar da ƙafar sai ƙashi ya kama.

To, ina zama ga wanda ya saba da ƙarar keke? Ya daina cin abinci, ya daina tsokana. Hankalin matar ya tashi. Ita da kanta ta sa aka ɗauko keken ɗinkinsa na ƙafa daga shago aka ajiye a falo, wai ko kallonsa zai sanyaya masa rai.

Ya daɗe yana shafa keken. Can ya ce, "Ɗauko min yadin nan naki."

Tun tana amarya yake mata alkawarin riga, kullum masu kawo ɗinki na shiga gabanta.

"Malam, likita fa?"

"Cewa ya yi in zauna. Kin taɓa ganin tela na ɗinki a tsaye?"

Ta yi dariya, ta ɗauko. Wallahi ta ji daɗi! Tana kicin, keke na ƙara, mijinta ya dawo mutum, har yana mata tsiya wai ta ƙara faɗi tun awon farko.

Da ya zo kan hannun rigar na biyu, sai ƙarar ta tsaya cak.

Wayar da ke gwiwarsa ta tsinke, ƙashi ya dagargaje, ciwo ya shiga gaɓar. Wannan karon likita bai ba su zaɓi ba. Za a sandarar da gwiwar. Zai yi tafiya da sanda, amma ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba.

Ta fita baranda ta yi kuka kamar ranta zai fita. Ita ta kawo keken, ita ta miƙa yadin.

Da ya farfaɗo daga aikin, bai tambayi ƙafarsa ba. Ya lalubo hannunta, ya ce, "Kin gwada? Ta yi miki daidai a kafaɗa?"