Bangon Gidan Senga

"Bangona ne, Lachie. Ba na kwamiti ba ne, ba na kulob ba ne, ba ma na ubanka ba ne, tunda shi yana haya ya mutu."

"Ubana ai ubanki ne."

"Shi ya sa na san yadda ya mutu."

Senga Tannock ba ta ko waiwayo ba. Tana tsaye gaban murhu tana juya niƙaƙƙen nama da albasa, dankali na tafasa a gefe. Ƙaninta Lachie ya baje a kujerar kicin, ya ajiye takarda da biro a kan tebur, yana matso da su kaɗan-kaɗan kamar mai lallashin kyanwa da madara. Shekarunsa sittin da uku, amma gashin kansa baƙi wuluk, irin baƙin da a kwalba ake sayo shi. Ya sha kwat, ya rataya ƙyallen kulob ja da fari a wuya, tumbi ya tura maɓalli gaba har yana neman agaji.

Abin da ya kawo shi ba dogon zance ba ne. Kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garin Dunrossie zai cika shekara ɗari, sai kwamitin magoya baya suka ga wai ya dace a zana hoton Lachie, ƙato, tun daga ƙasa har rufi, a bangon da ke kallon ƙofar filin wasa. Bangon kuwa na gidan Senga ne, gidan ƙarshe a layi. A ciki suka tashi suna haya, daga baya ta saye shi da gumin shekara talatin tana feɗe kifi a masana'anta. Hukumar gari ta ce ba mai taɓa bango sai mai gida ta sa hannu, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓar takarda. Ga shi yau Laraba.

"Ke ba ki gane ba ne," in ji Lachie. "Daga Glasgow mutane za su riƙa zuwa ɗaukar hoto a ƙofar gidanki."

"Su tattake min furanni, su yi min fitsari a lungu. Na gode."

"Haba 'yar uwa. Duk garin nan wa ya taɓa sa rigar ƙasa ya buga mata ƙwallo in ba ni ba?"

"Minti huɗu."

"Shida, har da ƙarin lokaci."

"Sau biyu ka taɓa ƙwallo, ɗaya ma da hannu ka jefo ta daga gefe. Mama ta tashi ɗora ruwan shayi, kafin ta dawo an tashi wasa. Har ta koma ga Allah ba ta yarda ka shiga filin ba."

Lachie ya shafa gashinsa, ya duba tafin hannu ko ya yi baƙi.

To, kada a ci zalinsa, ya taɓa yin abu ɗaya. Yana ɗan shekara sha takwas wani babban kulob ya zo Dunrossie wasan kofi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, fili ya zama kunu. Aka ɗago ƙwallo daga kusurwa, Lachie ya tashi sama, ta daki goshinsa ta shige raga. Waɗanda ke bayan raga sun rantse idonsa a rufe yake. Ko ma dai yaya ne, garin ya kwana uku a mashaya, shi kuma ya shekara arba'in da biyar yana ba da labarin. Da farko a labarin mutum biyu ya tsallake. Bara da aka gayyace shi rediyo sun zama biyar, har da mai tsaron gida.

Wata goma sha huɗu kacal ya yi da rigar garinsu. Daga nan ya kama yawo, kulob tara, kowanne ya fi na baya ƙanƙanta, daga Ingila har wani tsibiri inda tumaki ke kiwo a bayan raga. Ko'ina ya je sai ya gaya wa 'yan jarida cewa tun yana yaro wannan kulob yake mafarki. Mafarki tara, yaro ɗaya. Ya buɗe mashaya, ya shanye ta. Ya auri mata uku, bi da bi suka gaji da labarin ƙwallon kai suka kama gabansu.

Amma ba wannan ne ke cin Senga ba. Inda ya fara zuwa da ya bar gida shi ne abin: kulob ɗin garin Portcairn, abokan gabarsu. Mil bakwai tsakani, kuma ɗan Dunrossie ya gwammace ya kwana da yunwa da ya sayi burodin Portcairn.

"Tunda ka manta bari in tuna maka," ta ce, ta ajiye cokali ta juyo. "Ka zo filin nan da shuɗiyar riga. Ka ci mu. Wannan aikinka ne, ban ce komai ba. Amma me ya kai ka rugawa gaban mutanen unguwarmu, gaban Baba, ka kama tambarin rigar Portcairn ka sumbata? Har sau biyu, ɗan nema, ko akwai wanda bai gani ba."

"Ƙuruciya ce, Senga."

"Kai ka hau motar kulob ka tafi cin kifi da dankali. Mu muka wayi gari da bangon nan. MACI AMANA, da jan fenti, kowane baƙi ya kai tsayina. Ni na ɗauki buroshi da kananzir cikin sanyin Janairu, hannuna ya tsage har jini. Sau uku na shafe shi da farin fenti, da an yi ruwa sai ya sake leƙowa. Mama ta yi wata biyar ba ta taka coci ba. Mahauci ya riƙa ba ta ƙashi a madadin nama, ita kuma ta karɓa ta ce ta gode. Kana ina?"

"Ai na aiko da kati."

"Da hotonka a jiki."

"Mutane sun yafe. Je ki tambayi Hamish Cowie, shi ne shugaban kwamiti, da bakinsa ya ce ni gwarzon garin nan ne."

Senga ta yi wata dariya marar daɗi.

"Hamish Cowie! Ka san fentin wa aka yi rubutun da shi? Na jirgin kamun kifin ubansa. Kwana biyu yana yawo da jan farce kamar amarya. Da can ya rubuta min kai a bango, yanzu zai zana min kai a bango, duk ba a tambaye ni ba sai da hukuma ta tilasta. Tsofaffin banza, haƙora sun zube, an rasa abin yi da yamma."

Lachie ya janye ƙyallen daga wuyansa, ya ninke shi a hankali, ya ɗora a gwiwa. Da ya sake magana muryar ta sauka, ta yi laushi.

"Ban so in gaya miki ba. Na je ganin likita."

"Hanta ce? Ai ta yi ƙoƙari."

"Kai ne, Yaya." Ya taɓa goshinsa. "Sun ce dukan ƙwallo ne, shekara da shekaru. Kin tuna irin ta da, in ta sha ruwa kamar dutse. Na fara mantuwa. Shekaranjiya na tsaya a kanti ban san me ya kai ni ba. Kin ga yadda Rab ya koma."

Rab Kinnaird maƙwabcinsu ne, ya shekara goma sha biyar yana tsaron baya a Dunrossie, bai taɓa sa rigar kowa ba sai tasu. Yanzu yana gidan kula da tsofaffi ana ba shi abinci a baki. Duk Lahadi Senga ke raka matarsa mai suna Ina wurinsa, su zauna, shi kuwa ya dubi matar da suka yi shekara arba'in tare ya tambaye ta ko ita ce sabuwar nas.

"So nake in gani da idona tun ina gane kaina," in ji Lachie. "Shi ke nan roƙona." Ya kifa fuska cikin tafukan hannu, kafaɗu suna rawa.

Ta dube shi. Ita ta goya shi zuwa makaranta ranar da takalminsa ya yage, ita ta riƙa wanke masa kayan wasa a baho. Ta goge hannu a jikin riga, ta jawo kujera, ta ɗauki biro. Har ta nemo layin da aka sa wa alama, ta ɗora bakin biron a kai.

Sai ta ɗaga kai, haka kawai. Tsakanin yatsunsa biyu ga ido ɗaya, a bushe ƙayau, yana bin hannunta.

Wannan idon duk alƙalan wasan ƙasar nan sun san shi. Da iska ta taɓa Lachie kusa da raga sai ya zube, ya yi birgima uku, ya riƙe ƙafa yana ihu kamar an sare ta, ido ɗaya kuwa na leƙen alƙali ko hannu ya tafi aljihu. Akwai ranar da ya riƙe ta hagu, da aka kawo gadon ɗaukar majinyaci ya koma riƙe ta dama.

Senga ta ajiye biro.

"Wane likita?"

"Na'am?"

"Likitan da ka gani. Sunansa."

"Wani ne... a Glasgow. Dogo haka."

"Dogo. To, madalla. Ai sukan ba da takarda. Kawo min ita gobe in karanta, in sa maka hannu a kan tebur ɗin nan, har in riƙe wa mai zanen tsani."

"Ba su aiko ba tukuna."

"Sai mu buga musu waya. Ga ta can, ƙarfe uku ma ba ta yi ba."

"Na manta lambar."

"Ka manta sunan asibitin ma?"

"Ba na ce miki mantuwa nake yi ba!"

"Minti nawa ka yi da rigar ƙasa?"

"Shida da daƙiƙa arba..." Ya haɗiye sauran.

Ta miƙe tsaye. Ta riƙe bayan kujera.

"Matar Rab tana goge wa mijinta yawu da hankici, kai kuma ka ari ciwonsa ka shigo min kicin da shi don a zana maka hanci a bango. Tashi, Lachie, ba wanda ya taɓa ka. In gaskiya ne kanka ya lalace, ɗakin Mama na nan, zan yi jinyarka kamar yadda na yi tata, ni kaɗai, har in rufe maka ido. Amma bangona fari zai zauna."

Fuskarsa ta yi jawur har kunne. Ya tashi, kujera ta kife.

"Hassada ce! Tun muna yara kike min baƙin ciki. Ke wa ya san ki? Wa ya taɓa rera sunanki? Mutum dubu takwas sun rera nawa!"

"Na ji su. Ta tagar nan. Ba zan iya maimaita abin da suka haɗa da shi ba, ina girki."

"Me zan gaya wa Hamish? An riga an sa a jarida!"

"Ka ce masa ubansa ya bar gareji, yana da bango huɗu."

Ta sauke tukunyar nama daga wuta, ta dubi tebur tana neman wurin ajiyewa, ta dire ta daram a kan takardar hukuma.

"Za ka ci abinci, ko kana sauri?"

Lachie ya fizgi ƙyallensa daga ƙasa, ya bi ta zaure yana tuntuɓe da takalman ruwanta, ya fita ya maka ƙofa da ƙarfin da sai da kofunan shayi suka yi ƙara a kan kanta.